Ƙwaya Ashirin da Uku a Durowar Kawu

Batir nake nema. Wata mata ce ta kawo agogon hannunta ya tsaya, Kawu kuma ya zagaya famfon bayan shaguna yana wanke hannu, sai na jawo durowa ta uku a ƙaramin kabad ɗinsa, ina zaton nan ƙananan batura suke. Ba batir ko ɗaya a ciki. Ƙwayoyin magani ne a jere kan farin ƙyalle, biyar-biyar a layi, kamar yadda yake jera ƙananan kusoshi idan ya kwance agogo. Layi huɗu cikakku, na biyar da uku. Na san ƙwayar sarai, domin ni nake kawo ta daga gida kowace safiya, a naɗe cikin 'yar takarda. Ashirin da uku. Wato kwana ashirin da uku ke nan Kawu bai sha maganinsa na safe ba.

Matar ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ko babu batirin ne?"

Na ce mata akwai. Na tura durowar, na buɗe ta huɗu, na sa mata batir. Ranar Talata ce. Har yanzu ina tuna ƙarar da durowar nan ta yi da na rufe ta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Da ta rasu ina aji uku a firamare, shi ya je ya ɗauko ni da akwatina. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba, sai na zama tasu, kuma ban taɓa jin wani ya tuna min ba nan aka haife ni ba. Duk layinmu Mai Agogo ake ce masa, amma ba da agogo ya fara ba. Ma'aikacin wutar lantarki ne, mai hawa turke. Yana da shekara ashirin da bakwai ɗamarar da ke riƙe shi a sama ta tsinke, ya faɗo, kansa ya daki bakin kwalbati. Tabon yana nan bayan kunnensa na hagu, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Ya warke, ya koma aiki, kowa ya yi hamdala. Wata bakwai bayan haka, yana cin abincin rana, ya yi wata irin ƙara ya kife. Likitoci suka ce inda ƙwaƙwalwar ta bugu ne ya bar tabo a ciki, daga tabon nan farfaɗiya take tashi.

Suka hana shi hawa sama, suka hana shi tuƙi, suka hana shi shiga ruwa da zama shi kaɗai kusa da wuta.

"Da na duba abin da suka bar min," in ji shi, "sai na ga kujera ce kawai. To sai na nemi sana'ar da ake yi a kan kujera."

Wurin wani tsoho ya koyi gyaran agogo, shekara huɗu, sannan ya kama shagonsa, ɗan tsukuku tsakanin shagon Tela da na masu sayar da waya. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido, da agogon bango fiye da talatin, kowanne yana jiran mai shi.

Magungunansa kuwa, sunayensu na gaskiya ba wanda yake iya faɗa a gidanmu, sai Kawu ya raɗa musu nasa. Na farko Mai-barci. Shekara uku ya yi a kansa, yana gyangyaɗi da gilashi a ido, mutum ya kawo aiki jiya, yau ya manta fuskarsa. Na biyu Mai-dasashi, saboda dasashinsa ya kumbura har ya hau kan haƙora, in ya goge baki sai jini. Da aka ƙara masa shi kaɗan, sai ya fara tangaɗi a hanya yana ganin abu bibbiyu, har wani ya je ya gaya wa mai shagunan cewa Mai Agogo ya fara shaye-shaye, mutumin da ko lemon kwalba bai dame shi ba. Kuma ba a sauya irin wannan magani rana ɗaya. Sai an yi watanni ana shigo da sabon kaɗan-kaɗan, ana janye tsohon kaɗan-kaɗan, kuma a tsakanin nan ne ya fi faɗuwa. Ƙunar da ke damtsensa ta wancan lokacin ce, tukunyar ruwan zafi ya kifar.

Na uku shi ne Mai-rawa, shi ya riƙe shi. Shekara goma sha huɗu bai faɗi ko sau ɗaya ba. Abin da ya karɓa a wurinsa shi ne ya ajiye masa tumbi, ya kwashe masa rabin gashi, ya sa shi zuwa gwajin jini sau biyu a shekara don a duba hanta, sannan ya sa hannunsa rawa. Kawu bai taɓa zagin maganin ba. In ya dawo daga asibiti sai ya kawo mana labarin layi: wani mai shan ƙwaya irin tasa don matsanancin ciwon kai, wata kuma saboda larurar da ke ɗaga mata rai sama ta kuma jefa ta ƙasa, da wata amarya da likita ya ce sai an sauya mata tun kafin ta yi ciki, don wannan maganin yana illa ga ɗan tayi.

"Ƙwaya ɗaya," yakan ce, "kowa da abin da ya kawo shi."

Ina 'yar shekara goma sha biyu na tambaye shi me ya sa yake shan magani alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauko wani tsohon agogon tebur, ya murɗa shi har ya cika, ya buɗe bayansa, ya nuna min wani ɗan ƙarfe mai baki biyu yana kai-komo.

"Kin ga sifirin ɗin can, naɗaɗɗen ƙarfen nan? Ƙarfi ne a naɗe, so yake ya kwance gaba ɗaya. Wannan ɗan ƙarfen shi yake tare shi, yana sakin haƙori ɗaya-ɗaya. Shi ne tik-tik ɗin da kike ji. To duba."

Ya sa matsefata, ɗan hantsakin da yake ɗaukar ƙananan kusoshi da shi, ya cire ɗan ƙarfen. Agogon ya yi wani irin kuka, ƙafafun cikinsa masu haƙora suka ruɗe da gudu, hannayensa suka yi ta zagaye kamar fanka, sannan ya yi tsit.

"Kaina ke nan in babu magani. Ƙwaƙwalwa da 'yar wuta take aiki, kowane saƙo da lokacinsa. Tawa wani lokaci sai ta saki duka a tare. Maganin bai gyara tabon ba, kuma ba zai gyara ba. Tarewa kawai yake yi. Ran da ya bar jinina, ba mai tarewa."

Na ji wannan bayani da kunnena, na gan shi da idona. Ina rubuta shi ne don kada in yi wa kaina uzurin cewa ban sani ba.

Duk maƙwabtan shago ya koya musu abin da za su yi in ya faɗi. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, ba wanda yake haɗiye harshensa. Kada a danne shi, kada a watsa masa ruwa. A kawar da abin da zai bugu da shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a duba agogo. In ta wuce minti biyar, asibiti.

Tela ya ce, "Wane agogo daga ciki? Shagonka kowanne da nasa ra'ayin, kamar taron dangi."

Kawu ya ce, "Na saman ƙofa, kai mai ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi kaɗai ne ba ya ƙarya a layin nan, har da kai."

Kusan kullum haka suke, tun kafin a haife ni.

Bara na gama jami'a, fannin kimiyyar sinadarai. Ranar da na kawo takardar, Kawu ya sa gilashinsa ya duba hatimin kamar mai neman jabu, daga nan ya daina kiran sunana, sai Digiri. Wata takwas ina aika takardun neman aiki ba wanda ya kira ni. Zaman gida ya ishe ni, na koma zama a shago, ina sa batir da sauya maɗauri, ina latsa waya.

A nan na ga yadda rawar hannun ta ƙaru. Cikin shekara biyun nan ta yi tsanani. Ya ɗinka ɗan buhun yashi a wurin Tela yana ɗora tsintsiyar hannunsa a kai. Ya daina shan shayi mai kauri. In zai ɗora ƙaramar kusa sai ya riƙe numfashi, ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Duk da haka wata rana bakin sukudireba ya zame masa ya karce fuskar agogon wani mutum. Mutumin bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan. Cewa ya yi, "Baba, ai ka huta haka nan, ka bar wa masu hannu." Kawu ya yi dariya tare da shi. Da ya tafi, ya zauna ya fi rabin awa bai taɓa komai ba.

"Digiri," ya ce, "shekara talatin ina buɗe cikin agogo. Yanzu na zama mai sa batir, irinki."

Shi da kansa ya lura hannun ya fi kwanciya da sassafe, kafin ƙwayar ƙarfe bakwai. Sai ya fara fita shago ƙarfe shida don ya yi aiki mai laushi a wannan awa ɗaya. Inna ba ta so ba. Shekara goma sha huɗu ita take sa masa ƙwayar a tafin hannu safe da yamma, ta tsaya har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ni na ce ta kwantar da hankalinta, zan riƙa kai masa ta safen.

"Ki tabbata ya haɗiye a gabanki," ta ce. "Kawun nan naki, in agogo ya shiga kansa, sunansa ma mantawa yake."

Sati na farko na tsaya a kansa. Daga baya sai in ajiye masa a gefen fitila in koma kan wayata.

Ana haka wata tsohuwar malamar makaranta ta kawo agogon mahaifiyarta, ɗan ƙarami, fuskarsa ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ta ce masu gyara uku sun mayar mata da shi. Kawu ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Akwai wani siririn sifirin a zuciyar irin wannan agogo, shi gashi yake ce masa, don bai fi gashin kai kauri ba. Na wannan ya cukurkuɗe, kuma ba a ƙera irinsa yanzu. Sai dai a warware shi da matsefata biyu, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ya ce mata ta ba shi wata ɗaya. Ni na san awa ɗaya a rana ba za ta ishe shi ba, shi ma ya sani.

Washegari na kawo ƙwayar, ya juya ta a tafinsa.

"Digiri, ke da kika karanta sinadarai. Abin nan in na haɗiye, ina yake zuwa, kuma yaushe yake fita?"

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Wata takwas ba wanda ya tambaye ni abin da na karanta. Na je gida na ɗauko takardar da ke cikin kwalin maganin, mai ƙananan rubutu, na karanta, na yage shafin tsohuwar kalanda na zana masa a bayansa. Layi ya hau bayan an sha, ya kai ƙololuwa, sannan ya gangaro a hankali. Na nuna masa cewa a ƙololuwar nan ne hannu ya fi rawa. Na ce jiki ba ya zubar da maganin lokaci ɗaya, sai an yi awanni da yawa kafin ko rabinsa ya fita.

"To in na jinkirta shi zuwa tara fa?"

"Awa biyu ba za su yi komai ba, Kawu. Dubi layin, bai ko kusa da ƙasa ba. Akwai rara."

Ya sa gilashi ya bi layin da bakin matsefata. "Ashe akwai rara," ya ce. Ya leƙa waje ya ɗaga murya: "Tela! Zo ka ga abin da ake koyarwa a jami'a, ba yankan yadi a karkace ba!" Ya manna takardar a cikin ƙofar kabad.

Akwai layi na biyu da ban zana ba, don ban san da shi ba: iyakar da in magani ya sauka ƙasa da ita ba ya tare komai. Ba a ƙasan takarda take ba, tana can sama, kuma ta kowa daban. Ban kuma gaya masa cewa kowace ƙwaya a kan sauran ta jiya take tsayawa ba. Ni sinadarai a kwalba na karanta, ban karanta mutum ba.

Ranar Talatar nan, da matar batir ta tafi, Kawu ya shigo yana yarfe ruwa. Na jawo durowar na bar ta a buɗe. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya jawo ƙofar shago ya rage ta.

"Kafin ki ce komai, dubi nan." Ya miƙa hannunsa na dama a ƙarƙashin fitila, yatsu a ware. Ko motsi. Rabona da ganin hannun nan haka tun ina sakandare.

"Kawu, kwana ashirin da uku!"

"Ta yamma ina sha, Innarki ce shaida. Rabi kawai na rage. Ke kika ce akwai rara."

"Awa biyu na ce!"

"Na yi awa biyun, ban ji komai ba. Na ƙara biyu, shiru. Na kai shi azahar, shiru. Da ya kai la'asar sai na ga ya kusa haɗuwa da na yamma, to meye amfanin? Ba gaba ɗaya na yi ba, Digiri, kaɗan-kaɗan na bi shi, kamar yadda ake daidaita agogo mai gudu."

"Me ya sa ba ka zubar da su ba?" Ban san dalilin da ya sa wannan ce tambayar da ta fito ba.

Ya yi mamaki da gaske. "Mai gyara yana zubar da abu?"

Na ce mu je asibiti a gaya musu rawar ta yi yawa. Ya ce ya gaya musu tun shekara biyu da suka wuce, bayan ya wuni a layi. Wani matashin likita, ko kai bai ɗaga ba, ya ce masa, "Baba, rawar hannu ko faɗuwa, wanne ka fi so?" Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Kuma in ma sun saurare shi, sauyi za su ce, shi kuwa ya san abin da sauyi yake nufi. Ya shafa ƙunar damtsensa.

"Saura lanƙwasa biyu. Asabar zan gama, Lahadi da safe in koma kamar da, ki tsaya a kaina da bulala in kin so. Amma kada Innarki ta ji. Kin san hawan jininta."

Na ce to.

Kowace rana in na koma gida cin abinci, Inna takan tambaya daga kicin, ba ta ma juyowa: "Ya sha?" Laraba na ce ya sha. Alhamis na ce ya sha. Sabbin ƙwayoyin da take naɗe min, a aljihun jakata nake barinsu, don ya ce kada in ƙara masa a durowa ina tayar masa da hankali.

Ranar Alhamis da hantsi yana ba ni labarin tsohon da ya koya masa aiki, sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ya shaƙi iska.

"Ba kya jin ƙaurin wayar wuta?"

Babu abin da ke ƙonewa. Idonsa ya tsaya a kan bango, bakinsa yana motsi kamar mai tauna, yatsunsa suna tsinkar maɓallin rigarsa. Na kira shi sau uku. Bai fi rabin minti ba ya dawo, ya ci gaba da labarin daga wani wuri daban. Inna ta sha gaya min cewa da can haka farfaɗiyar take fara masa, da ƙaurin waya, kwana ɗaya ko biyu kafin babbar.

Na ce, "Kawu, yanzun nan ka tafi."

"Na tafi ina? Ga ni zaune." Ba musu yake yi ba. Shi bai san an yi ba.

Na fita bayan shago da waya a hannu, lambar Inna a buɗe. Na tsaya a wurin famfo har fuskar wayar ta mutu, na kunna, ta sake mutuwa. Na gaya wa kaina alkawari na ɗauka. Na gaya wa kaina jininta zai hau. Gaskiyar ita ce in na kira ta, za ta zo shago, za ta buɗe kabad, za ta ga zanen nan da rubutun hannuna a jiki. Ba asirin Kawu nake rufewa ba. Na mayar da wayar jaka, na ce saura kwana biyu.

Juma'a wajen ƙarfe goma ya gama, kwana ɗaya kafin lokacin da ya ɗiba. Ya rufe bayan agogon, ya murɗa shi da yatsa biyu, ya kara min a kunne. Yana tafiya, siririyar murya kamar ta ƙwaro. Fuskarsa ban taɓa ganinta haka ba.

"Kira min Tela," ya ce, "yau sai ya…"

Ƙarar ba ta yi kama da muryarsa ba. Jikinsa ya sandare, kujerar ta tafi da shi baya, kansa ya daki ƙafar kabad. Sannan fizgar ta fara.

Tela ne ya yi komai. Ya shigo da guntun yadi a kafaɗa, ya tura shi ƙarƙashin kan Kawu, ya shure kujerar waje, ya juya shi gefe. Mutane suka cika ƙofa. Wani ya kutso da cokali, Tela ya daka masa tsawa: "Kai, mayar da shi gidanku! Ku ba shi iska!" Ya ce da ni, "Digiri, agogon saman ƙofa. Faɗa min."

Na riƙa faɗa masa mintocin. Biyu. Uku. Leɓen Kawu ya yi duhu, kumfa da jini a gefen bakinsa. Da na ce biyar, Tela ya aika a kira mai motar da ke sauke kaya a bakin layi. A minti na bakwai fizgar ta lafa, na ce alhamdu lillahi, amma bai farfaɗo ba, kafin a ɗaga shi ta sake kama shi. A bayan motar, kansa a cinyata, ta kama shi sau biyu. Kafin allura ta shiga jijiyarsa an haura minti arba'in.

Allurar farko ba ta tsayar da ita ba, ta biyu ma haka. Sai suka sa shi barci mai nauyi da gangan, suka sa masa injin numfashi, suka shiga da shi ɗakin da ba a barin kowa. Inna ta iso da takalmi wari-wari.

Da la'asar wata likita mai furfura a goshi ta fito ta zauna kusa da mu a benci. Ta ce farfaɗiyar da ta daɗe haka ba ta tsaya ba tana gajiyar da ƙwaƙwalwa, tana iya barin illa, tana iya kisa. Ta tambaya ko yana shan maganinsa.

Inna ta ce, "Shekara goma sha huɗu, likita, ko ɗaya bai tsallake ba. Ni nake ba shi."

"To in haka ne sai mu nemi wani dalili. Ko jini ya zuba a kai, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko wani abu ya tsiro. Za mu ɗebi ruwan bayansa, mu yi hoto. Gwajin yawan maganin a jini ba zai fito ba sai gobe, kuma ba na son in jira gobe ina lalube."

Ta miƙe. Ta kai ƙofa kafin bakina ya buɗe.

Kafin mu bar shago na kwashe ƙwayoyin durowar na haɗa da ukun da ke jakata, ban san me ya sa ba. Na zazzage su a kan benci tsakanina da Inna. Na faɗi komai, har zanen, har ƙaurin wayar ranar Alhamis.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙirga su da bakin biro, ta rubuta, ta leƙa ciki ta ba da umarni, sannan ta dawo.

"Kin taimake ni yanzu," ta ce. "Da jiya kika faɗa, da kin taimake shi." Ta mayar da biron aljihu. "Rawar hannun nan, lokacin da ya zo mana da ita, da an saurare shi, akwai abin yi. Ana gwada jini a ga ko akwai abin ragewa, kuma mu ne za mu rage muna kallo. Akwai irin da ke narkewa a hankali. Akwai ƙaramin magani da ake ƙarawa don rawar kanta. Akwai sababbi da ba a da su lokacin da ya sha wahalar sauyi. Wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya bai kyauta ba. Amma ba a taɓa maganin nan a shago, 'yata, ko da digiri nawa."

Ban gaya mata cewa Digiri Kawu yake kirana ba. Haka kawai ta faɗa.

Inna ba ta kalle ni ba. Ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun da ke naɗe har yanzu, ta warware takardar, ta sake naɗewa.

"Da hannuna na naɗe su," ta ce. "Ɗaya-ɗaya. Kullum in tambaye ki."

Ba ta sake yi min magana ba ranar, haka washegari. Tela yana zuwa safe da yamma, ya zauna tsakaninmu yana ba da labarin rigimarsu da Kawu, ba mai dariya. Ya ce malamar makarantar ta zo ta tarar da shago a rufe, ya miƙa mata agogonta, ta kara a kunne ta fashe da kuka, ta ce a gaishe da mai hannu. Na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Gwajin ya fito kamar yadda aka zata, maganin ya yi ƙasa sosai a jininsa. Hoton bai nuna sabon abu ba sai tsohon tabon. Sun mayar masa da Mai-rawa ta jijiya, sun haɗa da wani.

Yau Lahadi. Da safe Inna ta turo min kwanon abinci da ƙafarta, idonta a kan ƙofar ɗakin.

"Ci. Ba zan iya jinyar mutum biyu ba."

Na ci.

Ɗazu likitar ta ce sun fara janye maganin barcin kaɗan-kaɗan. Sun manna masa wayoyi a kai don su ga ko farfaɗiyar ta tsaya a ciki, domin tana iya ci gaba a ƙwaƙwalwa jiki yana kwance shiru. In ta tsaya, za su jira ya buɗe ido. In ya buɗe, sai a ga ko ya san mu, ko zai yi magana, ko hannu da ƙafa za su amsa. In ba ta tsaya ba, za su mayar da shi barci su sake gwadawa. Na tambaye ta wanne ta fi zato. Ta ce ba ta zato, za ta fito ta gaya mana abin da ta gani.

Muna nan a benci, ni da Inna da Tela. Har yanzu ba ta fito ba.